Sharaɗin Sarautar Ardmorran

Ranar da aka binne mahaifinta, Ishbel ta gaji sarautar Ardmorran da tsohon sharaɗinta: duk wanda ya aure ta sai ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki nata.

Ta tarar da saurayinta Lachlan cikin yayyafi, tsaye kan kabarin kakansa.

"Suna ne kawai fa, Lachlan."

Bai ɗago ba. "Kakanninki suka ƙone gidajenmu don tumaki su samu makiyaya. Ni kaɗai ne MacQuarrie da ya rage a kwarin nan."

"To, ni fa?"

Ya dube ta, idanunsa jajur.

"Ƙasa kun karɓe ta da wuta, ranki ya daɗe. Sunan kuma da aure?"

Bai taɓa ce mata ranki ya daɗe ba sai yau.