Gambar Iyaka

Da hantsi ya hango baffansa tafe da fartanya da damin saiwar gamba.

Baffan nan ne ya tuge gambar iyaka bayan rasuwar mahaifinsa, ya cinye masa taku ashirin na gona. Takaicin haka ya tura shi daji wurin masu bindiga, masu alkawarin adalci. Shekara uku yana yi musu dako, har ranar da shugabansu ya sa aka zane shi a kan laifin wani. Mutanen gari na cewa wa'azi ne ya dawo da shi. Shi dai ya san zalunci ya kai shi, zalunci ya koro shi, kuma ragowar gonar nan ce kaɗai gatansa.

"Baffa, in sauran ka zo karɓa..."

"Rufe min baki, ja'iri."

Tsohon ya kutsa cikin nasa geron, yana ƙirga taku. Can ciki, a taku na ashirin, ya durƙusa ya fara dasa gamba.

"To geron da ya faɗo ɓangarena fa?"

"Yi masa maimai. Ni bayana ya gaji."

Yaron ya sunkuya da noma, dariya na cinsa.