Injiniyan da Ya Soke Kwanakin Jira

Tunda ka ce za ka gyara tsarin da ka tarar, zauna tukuna in ba ka misalin wani injiniya.

Shi wannan bawan Allah gwani ne wajen rubuta manhaja, ko maƙiyinsa ya san haka. Abin da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda jama'a suke tara hirarsu da hotunansu a gidan kamfani ɗaya, wanda in ya ga dama ya rufe maka baki, ba ka da wurin kai ƙara. Sai shi da abokansa suka ɓullo da wata hanya: kowace jama'a ta ajiye 'yar na'urarta a garinta, ta zama zaurenta, mabuɗi yana hannunta. Manoman albasa da nasu zauren, ungozomomi da nasu, malaman makaranta da nasu. Ƙa'ida ɗaya ce kawai ta haɗa su, wadda ta tsara yadda saƙo zai fita daga wannan zaure ya shiga wancan. A cikinta akwai wani sharaɗi: in an kai saƙo aka tarar da zaure a kashe, a riƙe saƙon, a yi ta komawa har kwana bakwai. Wanda ya dage sai da aka sa sharaɗin nan wani tsohon malamin firamare ne, wanda ya koya wa injiniyan karatu tun daga aji ɗaya. Shi ke riƙe da zauren ƙauyensu, da farantin sola guda da batirin mota. In rana ta fito zaure ya buɗe, in hadari ya zauna kwana uku, sai haƙuri.

Shekaru suka tura, zauruka suka yi yawa, injiniya ya koma birni, ofis mai sanyi, wuta ko ƙiftawa ba ta yi. Sai jiran nan ya fara tsone masa ido. Saƙonni suna cunkushewa a layi saboda wasu 'yan zauruka da ba sa amsawa, 'yan birni kuma suna gunaguni wai na kamfani ya fi sauri. Ya zauna ya yi lissafi, lissafin kuma daidai ne, ba zan ci zalinsa ba. Ya sake ƙa'ida: duk zauren da aka yi wa sallama bai amsa cikin awa ɗaya ba, a ɗauka ya mutu, kada a kai masa, kada a karɓa daga gare shi. Ya kafa sanarwa a kan tsarin, mai ƙorafi ya yi magana cikin kwana biyu. A watan Agusta fa, tsakiyar damina! Waɗanda abin zai shafa duk suna ƙarƙashin hadari, batir ya mutu, ba wanda ya ga sanarwar. Da bai ji motsin kowa ba ya ce shiru ma magana ce, ya zartar. Tsari ya yi sauri, aka yi ta yaba masa har kansa ya kumbura.

Sai bayan wata biyu ya lura hira ta koma ta 'yan birni zalla. Babu farashin albasa, babu labarin ruwa ya ci gada, babu gaisuwar Juma'a daga malaminsa. Ya duba, ya ga zaure arba'in da ɗaya tsarin ya share da kansa, bisa umarninsa. A ranar ya maido da kwana bakwai, amma maido sharaɗi daban, maido mutane daban. Yawancinsu sun gaji da bugun ƙofa, sun koma gidan kamfanin da ya sha wahala ya raba su da shi.

Ya shiga mota ya nufi ƙauye. Ya tarar da malam a kan tabarma ya rame, na'urar tana gefe an lulluɓe ta da buhu, batirin kuma maƙwabta na cajin waya da shi. Bayan gaisuwa ya kama bayanin layi da cunkoso. Malam ya bar shi sai da ya kai aya, sannan ya ce, "Ai ba komai, ɗana. Ranar da Allah ya yi wa innarku rasuwa, rana tana fitowa na kunna na rubuta maka. Na ce ta hanyarmu zan sanar da kai, tunda kai ka gina ta. Na sake ranar uku, na sake ranar bakwai. Da na ji shiru na ce ƙila aiki ne ya yi maka yawa." Matar malam ke nan, wadda ta ciyar da shi shekara shida yana karatu a gidansu. Har an yi sadakar arba'in ba shi, kara kuma ba ta bar dattijon ya ɗaga waya ya roƙi ta'aziyya ba. Hawaye suka zubo wa injiniya. Ya roƙi a bar shi ya sake kunna na'urar, malam ya ce idonsa ya gaji, a bar ta ta huta. Har yau in ka ga injiniyan, maganarsa ɗaya ce: da ya ɗauko ƙafa ya tambaya, tafiyar yini guda ce kacal.

Saboda haka kafin ka tumɓuke abin da ka ga kamar nawa ce kawai, nemi wanda ya dasa shi ka ji dalilinsa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira, a rasa ido.