Abin da Reijo Ya Tsinto a Sauna

"Kar ki taka!" Reijo ya daka wa matarsa Sirkka tsawa, yana rarrafe a cikin sauna, ɗakin wankan tururi.

Ɗan siririn murfin magani da likita ta manna masa a ƙwayar ido ne ya ɓace. An hana shi shiga tururi kwana uku, ya saci jiki ya shiga a rana ta ukun.

"Tsoho da kai ba ka jin magana! Sai ka makance?" Sirkka ta buga wa likita waya ta gaya mata murfin ya ɓace.

Likita ta yi dariya. "Ai da kansa yake narkewa. Yaya idon?"

"Garau!" in ji Reijo. "Sirkka, ga ɗan kunnenki da kika shekara kina cewa ni na zubar, a ƙarƙashin bencin da kike zama."

Sirkka ta koma kan waya. "Likita, a sake rufe masa idon nan mana."