Shekarar da Kaka Ta Rasu

Ma'aikaciyar ofishin rajistar gunduma ta miƙo mini takardar shaidar rasuwar kakata. "Shekarar da kika ba mu ba ita ba ce, shi ya sa muka karaɗe rabin Ireland muna nema."

Tun babana yana yaro aka ce masa mahaifiyarsa ta rasu wurin haihuwarsa, a 1941. Takardar ta ce 1988, a asibitin masu taɓin hankali.

Na karanta sau biyu, ban ji komai ba.

Baba na jirana a mota.

"Kin samo ta?"

Na miƙa masa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ninke.

"Ai asibitin shi ne dogon ginin nan na bayan coci," in ji shi. "Shekara ashirin ina kai musu madara kowace safiya."