Ludayin Kindirmon Jiya

Zulai, kife wayar nan a kan tabarma ki ba ni kunnenki. Tun da na zo nake ji, wai makon nan an ce a sha kaza da safe, a karanta littafi kaza, a daina dafa kaza. To madalla, ni ban ce shawara banza ba ce. Amma da na ga kin fito da randar mahaifiyarki kin jingine ta a bakin bola, wallahi sai na tuna da wata mata.

Matar nan tana zaune a gefen gari da tsohon mahaifinta, wanda haƙoransa suka zube, cikinsa kuma ya ƙi komai sai fura da kindirmo. Kindirmon na gida ne. Kullum da yamma takan tafasa madara ta bar ta ta huce, ta juye a wata tsohuwar ƙwarya da ta sha ɗinki, ta ɗebo ludayi guda na kindirmon jiya ta zuba a kai, ta rufe da faifai. Kafin gari ya waye madarar ta kama, ta yi kauri. Haka uwarta ta yi har ta koma ga Allah, na jiya yana tayar da na yau, ba a taɓa bari ya yanke ba. Tsohon yakan sha furarsa bayan azahar a inuwar darbejiya, ya lumshe ido, ya yi ta murmushi shi kaɗai kamar mai hira da wani.

Ita kuwa Allah ya ɗora mata son wani shiri da ake yi a rediyo duk Asabar, na lafiya da girki da gyaran gida. Mai shirin muryarta a sanyaye take. Da ta fara magana sai matar nan ta saki tsintsiya, hankalinta ya tafi, ta ga kanta a wani gida fari fat, labule na kaɗawa, littattafai a jere, ƙamshin na'a-na'a na tashi daga tukunya. Kuma ta ci moriyar shirin, ba zan ɓoye miki ba. Aka ce zogale, ta shuka, ya yi mata rana. Aka ce a rage gishiri, ta rage, kumburin ƙafar tsohon ya sauka. Rannan sai aka ce a gyara madafi, a rabu da tsofaffin kwanuka masu tsaga, a daina ajiye ragowar abinci. Magana ce ta gaskiya. Amma matar nan da zafin nama, ba ta tsaya ta tantance ba. Ta tuttule ragowar kindirmon a kwatami, ta yar da ƙwaryar, ta sayo kwano mai ƙyalli da murfi.

Da safe ta buɗe kwano, madara na nan tsululu kamar yadda ta zuba ta. Washegari ta tsinke, ta yi wari. Ta sayo nonon kasuwa, tsohon ya kai baki ya ajiye. Ta sayo na kanti mai sukari, ya ce ya ƙoshi. Bai yi mata faɗa ba, bai ko tambaya ba, sai dai kullum rigarsa tana ƙara yi masa yawa, har ya daina fitowa gindin darbejiyar. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don ta ga da idonta mutumin nan tafiya yake yi. Asabar ta zagayo, rediyo yana ta magana a kan taga, ko kalma ɗaya ba ta ji ba.

Tana zaune ta yi tagumi sai ta tuna da innarta, ƙanwar uwarta, da ke aure can bayan fadama. Ta shiga mota, ta sauka, ta taka da ƙafa ta cikin gonakin rake har ta isa. Tsohuwar ta ji labari ta yi dariya har da tari.

"Ke ma kin zubar? Ni ma ina amarya na taɓa yi, uwarki ce ta aiko mini da ludayi guda. Ungo, dama nata ne."

Ta zuba mata a ɗan ƙoƙo, ta naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Matar nan ta riƙo shi a cinya kamar jariri har gida. Ta samo sabuwar ƙwarya ta wanke tas, ta tafasa madara, ta zuba ludayin, ta rufe. Da gari ya waye ta ɗaga faifai, sai ga shi ya kama. Ta dama fura ta kai wa tsohon a ɗaki. Ya kurɓa sau ɗaya ya tsaya cak, ya daɗe yana duban ƙofa, sannan ya ce a hankali, "Uwarki ta shigo gidan nan ne?" Ya shanye, ya miƙo ƙwaryar a ƙara masa. Ita kuwa ta fita bayan zana ta yi kukanta, na daɗi da na kewa a haɗe.

Saboda haka tashi ki ɗauko randar nan kafin almuru, kada yara su fasa ta. Ki wanke ta yadda mutanen wayarki suka ce, ki cika ta da ruwa, ki ba ni in sha. Shawarar mako kuwa ki ci gaba da ji, ki ɗauki mai amfani. Sai dai kafin ki yar da abin da kika tarar a gida, ki tambayi abin da yake riƙe da shi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.