Gwarzon Teku Daga Damagaram

Sai da Madam Odile ta kira sunan sau biyu kafin saurayin ya miƙe.

"Moctar Illiassou," ta sake cewa, "ɗanmu na Nijar."

Aka tafa. Zauren ƙarami ne, a hawa na biyu na wani tsohon gini a Paris, kusa da kogi ko kusa da tashar jirgi, wannan kam ya shige mini. Wata ƙungiyar kare teku ce ke karrama 'yan sa-kai ashirin da suka yi wata uku a wani tsibirin Girka suna gadin ƙwan kunkurun teku. An ajiye gorar ruwa ta roba a kan kowace kujera, don kada ƙishi ya hana mutane sauraron jawabi a kan illar roba.

Shi ba tafi ya kawo shi ba, takarda ce. Wani ofishin binciken ruwa a Lyon ya buɗe gurbin aiki, ya ce sai an kai masa shaidar aikin sa-kai a teku kafin ranar Litinin. Takardar tana gaban Madam Odile, shugabar ƙungiyar, ba ta sa mata hannu ba tukuna. Ta fi son ta sa a gaban mai ɗaukar hoto.

Kuma akwai abin da yake ɓoyewa. A sansanin tsibirin ganye da wake kaɗai ake ci, saboda girmama halittun ruwa. Sati biyu ya jure. Sannan igiyar ruwa ta jefo wata tsohuwar komar kamun kifi, ya ɗinke ta a yini ɗaya, ya riƙa jefa ta a bayan duwatsu yana gasa abin da Allah ya ba shi. Mutum ɗaya ya taɓa kama shi, wani Yanis ɗan Marseille, kuma shi ne ya cinye rabin kifin ranar.

"Ku dube shi," in ji Madam Odile. "Ɗan Damagaram, ƙasar rairayi, mai digiri biyu. Amma da kunkuru ya maƙale a raga, shi ya nutsa ya kwance shi, mu muna neman lambar waya. Rubuta rahoto kuwa bai taɓa yarda ba, ya bar wa ƙanana su koya. Wata uku muna tare. Na san shi kamar ɗan cikina."

Aka ba Yanis makirufo ya faɗi abin tunawa. Saurayin ya sunkuyar da kai.

"Abin da ni da Moctar muka yi a bayan duwatsu," in ji Yanis, "zai zauna tsakaninmu da teku."

Wata tsohuwa ta share hawaye. Ta ɗauka addu'a suka yi.

Har an buɗe alƙalami, sai Madam Odile ta ɗaga yatsa. Ta ce ta gayyato masa wani babban baƙo, mai taimakon ƙungiya, wanda ya san mahaifinsa. Alhaji Bukari ya taso daga layin gaba. Ɗan kasuwa ne a Sevran, a gefen Paris, yana tura kwantenar leda da bokitan roba ta tashar Kwatano. Sau uku a shekara, ko huɗu, zan iya kuskure.

Saurayin ya durƙusa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da gajiya da sanyi, Turawa suna kallo suna murmushi.

"Ɗan Malam Illiassou," in ji Alhaji, yana riƙe da hannunsa. "Rabona da kai tun kana lakwal, ƙaramin ɗan makaranta. Ka yi tsawo."

"Girma ne, Alhaji."

"Ka yi duhu."

"Rana ce da ruwan gishiri."

"Har bakinka ya karkace, kamar na mutanen Gaya, masuntan bakin kogi."

"Zama da baƙi ne, Alhaji."

Alhaji ya daɗe yana dubansa. Ya dubi tafin hannun da ya riƙe, mai kanta kamar bayan itace. Sannan ya dubi mai ɗaukar hoto, ya gyara zaman hularsa.

"Kamarsa ɗaya da babansa," ya faɗa wa zauren da Faransanci.

Madam Odile ta nemi katin shaida don ta kwafi lamba. Ta dubi hoton, ta dubi fuskar, ta sake duban hoton. Irin wannan duban aka yi wa katin a bakin jirgin ruwa, tafiya da dawowa.

"Ka rame, ɗana," ta ce. Ta sa hannu.

Saurayin bai tsaya cin biskit ba. Ya kama jirgin ƙasa na la'asar zuwa Lyon, takardar tana cikin rigarsa, ya sauka ya nufi unguwar Minguettes. Na'urar hawa bene ta lalace, kamar yadda ta saba. Ya taka har hawa na goma sha ɗaya bai huta ba.

Wanda ya buɗe ƙofar gajere ne, mai tumbi, da silifa da tabarau. Shi ya ba saurayin katifa shekarar da ya iso Faransa bai san kowa ba. Mutum ne mai ilimin ruwa ƙwarai, sai dai ko gadar kogin Rhône zai ƙetare, ta tsakiyar titi yake bi, idonsa a ƙasa.

Ya karɓi takardar da katinsa, ya karanta sunan a hankali, ya lallaɓa hatimin da yatsa.

"Sannu da hanya, Alasan," in ji Moctar Illiassou. "Zauna ka faɗa mini kafin Litinin: kunkuru nawa na ceta?"