Mai Amsa Ƙaho a Kwazazzabo

Tun wajen ƙarfe sha ɗaya na safe itacen ya danne ƙafar Orrin ta hagu, daga idon sawu zuwa ƙauri. Busasshen itace ne da gobarar daji ta kashe shekarun baya. Dafa shi kawai ya yi don ya tsallake, sai ya mirgino da shi cikin kwazazzabo. Jakarsa ta goyo ta suɓuce ta gangara cikin duhuwa, da ruwansa da wayarsa da rigar sanyinsa a ciki. Abin da ya rage masa wuƙar ƙugunsa ce, sai ƙahon roba da ke rataye a wuyansa, wanda maharba ke kwaikwayon kukan bijimin elk da shi, ƙatuwar barewar nan ta tsaunukan Idaho.

Shekara uku ke nan shi da Delbert, mijin ƙanwarsa, suna haɗa shirin murya na maharba, wanda jama'a ke saukewa a waya. Sun yi magana kan fiɗa, sun yi kan ɗauko nama a baya daga tsauni, sun yi kan takalma har sau biyu. Batutuwa sun ƙare musu. Orrin ne ya kawo shawarar darasin busa ƙaho, ya ɗauki sautinsa a garejinsa, kuma da yake mutum ne mai yawan zulumi, ya saita wayarsa ta riƙa maimaita shi, ya saurare shi ya fi sau goma yana neman kuskure. Ko da asubar ranar, a bakin mota, sai da ya kunna wa Delbert shi a wayar.

"Wai kai ne za ka koya wa mutane busa?" in ji Delbert. "Kai da ƙarshen busarka ke karyewa kamar ƙofar da ta shekara ba mai?"

"Ka bari ka ji shi duka mana, tsoho."

"Na ji, malam. Wuraren da ka yi shiru sun fi ko'ina daɗi."

Da haka suka rabu. Delbert ya hau tudun arewa, Orrin ya bi na kudu, a kan za su haɗu a mota idan rana ta faɗi. Ƙa'idarsu tsohuwa ce: busa uku a jere, ka bar duk abin da kake yi ka zo.

Ya yi ihu har muryarsa ta dishe, amma iska da ƙarar rafi sun shanye ta. Sai ya duba ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar. Rana ta tausasa ta. Idan ya haƙa da wuƙa, ya yanke igiyar takalmi, zai iya zare ƙafar. Ya haƙa kaɗan, ya ja sau ɗaya, ya ji ƙashi ya goga ƙashi, ganinsa ya yi duhu. Da ya farfaɗo sai ya ajiye wuƙar, ya ɗauki ƙaho ya busa sau uku.

Aka amsa.

Busar siririya ce, kamar daga nesa ƙwarai, ta ɓangaren rafi. A ƙarshenta ta karye. Orrin ya yi dariya duk da azabar da yake ciki. Wato ko a irin wannan hali Delbert ba zai fasa kwaikwayonsa ba.

Ya lissafa tafiyar a ransa. Daga tudun arewa zuwa rafi awa ɗaya da rabi, daga rafi zuwa nan rabin awa. Mutum biyu da sanda mai ƙwari za su ɗaga itacen ba tare da an ja ƙafar ba. Don me zai ƙara wa kansa rauni? Ya mayar da wuƙar kube.

Ya riƙa busawa don kada Delbert ya ɓace hanya, ana kuwa amsa masa ba gajiya. Wani lokaci amsar kan riga shi, wani lokaci ta haɗu da tasa. Ya ɗauka iska ce ke wasa da sauti. Awa biyu suka wuce, busar ba ta matso ba. Ya ce a ransa rafin ne ya cika, mutumin yana neman mashigi. Delbert ya haura sittin, gwiwarsa ta dama kuma ba lafiya.

Inuwar tsauni ta sauko ta rufe kwazazzabon da wuri, kamar yadda take yi a ƙarshen Satumba. Sanyi ya shiga rigarsa mai shara-shara. Yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa. Ya lallaɓa ya zaro wuƙar ya caki ƙasa, sai bakinta ya zame: ramin da ya fara ya daskare kamar dutse. Ƙanƙara ta soma sauka, ƙanana-ƙanana, tana narkewa a fuskarsa.

"Yi sauri, tsoho," ya faɗa a hankali. "Na yarda, busata ba ta da daɗi."

Can kusa da faɗuwar rana iska ta tsaya cak, kamar yadda takan yi kafin ƙanƙara mai yawa. Dajin ya yi tsit. Busar ta sake zuwa, ta karye a ƙarshe, kuma a karon farko ya gane ba daga nesa take fitowa ba. Daga cikin duhuwar da ke ƙasa da shi ne, taku ashirin bai cika ba.

Ya buɗe baki zai kira sunan Delbert, sai ya ji murya a bayan busar, a natse, tana fitowa daga wayar da ke cikin jakarsa, muryarsa shi kansa: "To, mai sauraro, yanzu kai ma ka busa, zan yi shiru in jira ka."